Takardar Koke Kan Marayun Da Direbobi 'Yan Maye Ke Bar Mana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Hakimi, ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Mu talakawanka mazauna ƙauyukan bakin titin Kano zuwa Zariya, da limamanmu da dattawanmu da iyayenmu mata, mun zo gabanka da kuka, domin ɗa ba shi da inda zai kai kukansa sai wurin uba.

Ranka ya daɗe, ranar kasuwar da ta wuce wata tifa ta bar hannunta ta haye kan wani bawan Allah da matarsa a bisa babur. Nan take rai ya yi halinsa, su duka biyun. Waɗanda suka fito da direban sun ce ko tsayuwa bai iya yi ba, harshensa a karye, ga fankon tiramadol da kwalbar kodin a gaban motar. Mamatan sun bar yara huɗu, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Yanzu suna hannun kakarsu, tsohuwar da suyar ƙosai ce abincinta. Kafin sadakar uku mai motar ya turo wakilai da buhun shinkafa da 'yan kuɗin da muke jin kunyar faɗin adadinsu, aka taru a kanta ana cewa ƙaddara ce, ta yafe. Ta yafe, ranka ya daɗe, tana kuka. Direban kuwa an ba da belinsa, har an gan shi a tasha.

Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Amma wanda ya haɗiyi ƙwaya da hannunsa sannan ya riƙe sitiyari, ya san abin da ya yi. Kuma wannan ba shi ne na farko ba. Mun yi magana, mun rubuta, an zauna da shugabannin tasha, an yi mana alkawura, sai a yi shiru har wata jana'izar ta zo.

Allah ya taimake ka, ko kisan kuskure Allah bai bar shi haka ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, ya wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, malamai kuma sun ƙayyade ta raƙuma ɗari ko dinari dubu na zinariya. Limamanmu sun sha gaya mana cewa kason maraya haƙƙinsa ne, babu waliyyin da ke da ikon bayar da shi kyauta. To, da wane baki kaka za ta yafe abin da yake na jaririya?

Ko a Amurka an gane wannan. Wata kaka a jihar Missouri ta rasa ɗanta da budurwarsa da jaririnsu a 2021 a hannun wani direba mashayi, aka bar mata jikoki biyu, ta tashi tsaye neman a yi doka. A 2022 jihar Tennessee ta kafa dokar da ake kira Dokar Bentley, da sunan ɗaya daga cikin jikokin: direban da ya kashe uba ko uwa cikin maye zai riƙa biyan kuɗin renon yaran har su kai shekara 18. Texas ta bi sahu a 2023. Mu da muke da hukuncin diyya tun kafin su yi tunaninsa, marayunmu ne ke yawo da kwano.

Don haka muna roƙon Mai Girma ya kira mai motar nan da direbansa, a warware wancan sulhu, a sake shi gaban alƙali a rubuce, a yanka musu abin da za su riƙa bayarwa duk wata na ci da makaranta da magani har yaran su girma. A tambayi takardar inshorar motar, domin wadda doka ta tilasta wa kowace mota ta haɗa da asarar rai. Daga yau kada mai unguwa ya sa hannu a sulhun da akwai maraya a cikinsa ba tare da saninka ba. Muna roƙo a gayyato jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da na Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa gwada direbobi a tasha, a kuma tashi masu sayar da ƙwaya a bayan rumfunan masu shayi. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, ina suke samunsa?

Muna kuma roƙonka ka kai maganar nan gaban Mai Martaba da wakilinmu a majalisar dokokin jiha, a yi mana doka. Kafin nan dai, don Allah, a fara da waɗannan yara huɗu, kada direban nan ya sake hawa mota sai an yanke abin da ke kansa.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Talakawanka masu biyayya,
Al'ummar ƙauyukan bakin titi.