Sanarwa: Gwajin Murhu Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa mata na wannan rukuni, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe 8 na safe, za mu haɗu a tsakar gidan shugabarmu domin gwada sabon murhun laka mai tsimin itace da murhunmu na duwatsu uku. Masu saye suna ta tambayarmu itace nawa yake ragewa, kuma bai kamata mu riƙa ba su amsa da ka ba.

Ga yadda za a yi. Kowane murhu za a ɗora masa tukunya iri ɗaya da ruwa lita 5. Za a auna itacen a sikeli kafin a hura wuta, a duba agogo har ruwan ya tafasa, sannan a rage wuta ya ci gaba da ɓararraka na minti 45. Daga nan a kashe, a auna guntayen da suka rage da gawayin daban. Kowane murhu sau uku, don gwaji ɗaya ba ya isa.

Abin da na fi roƙo shi ne itacen. Kowacce ta zo da ɗauri ɗaya busasshe ƙayau, domin ɗanye yana ɓata wuta wajen ƙone ruwan jikinsa, sai lissafin ya rikice. Mai sikelin awon hatsi ta taimaka mana da shi. Kuma a zo da wuri, kafin iska ta taso.

Wadda ba za ta samu zuwa ba ta sanar a nan kafin Juma'a.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a sana'armu.

Sakatariyarku