Wasiƙa ga Ɗana a kan Fim ɗin da Yake Rubutawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na karanta labarin fim ɗin da ka aiko mini, kuma tunda ka nemi ra'ayina, ba zan ɓoye maka komai ba.

Ka zaɓi labari mai nauyi: yaro ɗan shekara 15 da ya fara yi wa kansa tambayoyi a kan addinin da ya taso a ciki, yana son abokansa na makaranta su ɗauke shi nasu, yana kuma fargabar kada a gida a ce ya lalace. Masana sun daɗe da lura da wannan mataki na rayuwa. Erik Erikson ya wallafa littafi guda a 1968 a kan ruɗanin da matashi ke shiga wajen gane ko shi wane ne, James Fowler kuma ya bayyana a 1981 yadda mutum yakan fara da riƙe imanin jama'arsa kafin ya zo ya auna shi da kansa. Saboda haka kada ka ji tsoron tambayoyin yaron nan. Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake raya matattu domin zuciyarsa ta natsu, kamar yadda ya zo a aya ta 260 ta Suratul Baƙara.

Wurin da ya fi burge ni shi ne inda aka sa yaron ya ja ƙannensa salla, muryarsa da ta fara buɗewa ta maƙale a tsakiyar sura, sai autansu ya ɗaga murya daga baya ya gyara masa karatu, shi kuwa gumi na tsattsafo masa a goshi. Na yi dariya ƙwarai, domin abin dariyar kunyar yaron ce da ƙoƙarinsa na nuna ya girma, sallar kuwa tana nan da darajarta. Da a ce duk barkwancin fim ɗin haka yake, da ban ce uffan ba.

Amma malamin da ka zana ban gamsu da shi ba. Ka mayar da shi abin ba'a tun daga fitowarsa ta farko, ba ya buɗe baki sai da tsawa, kuma ko sau ɗaya ba ka bar shi ya yi gaskiya ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, kuma ko ta fuskar sana'arka ma wannan rauni ne, domin idan malamin wawa ne zalla, ba abin da yaron zai yi asara idan ya juya masa baya, mai kallo kuma ba zai damu ba. Ka ba shi abin da yake tsoro da abin da yake so, ka nuna shi a ranar da ya gaji. Haka ma abokin yaron da ba addininsu ɗaya ba, ka ba shi gida da iyaye da nasa tambayoyin.

Sai ƙarshen labarin, inda uban ya zaunar da ɗansa ya yi masa wa'azi na shafi bakwai. A ƙa'idarku shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, wato minti bakwai mutum ɗaya yana magana, kuma ni da nake uba na san ba ɗan da ke sauraron rabin haka. Charlie Chaplin ya haɗa dariya da hawaye a fim ɗinsa na 1921, na wani talaka da ya tsinci jariri ya raine shi, alhali babu sautin magana a cikinsa. Ka rage jawabin, ka bar uban ya yi wani abu da za a gani da ido, ko da jiran yaron ne a bakin ƙofa cikin dare ba tare da ya tambaye shi inda ya je ba.

Kafin a fara ɗauka, ka kai wa malami masani duk wuraren da aka karanta aya ko hadisi ya duba maka su. Idan ka gama gyara, ka aiko mini da sabon rubutun. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka