Masu jiran fasuwod ɗin admin, ga wata hanya

Edita, assalamu alaikum. A ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu koyon rubuta manhaja a kwamfutar makaranta ko ta ofis, don ni ma na sha wannan wahala.

Sati biyu cur na yi ina zarya ofishin mai kula da kwamfutocinmu don kawai ya saka min Python da Git, kayan aikin masu rubuta manhaja, yau a ce ya tafi ɗaurin aure, gobe a ce yana mitin, ni kuma duk abin da na danna sai akwatin nan ya faɗo yana neman fasuwod ɗin admin. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya ga ina ta tsaki ya jawo kujera ya nuna min Scoop, wani kayan aiki mai sauko maka da manhajoji ya saka su, wanda Luke Sampson ya ƙirƙiro tun 2013.

Saka shi layi biyu ne kacal a PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows. Na farko Set-ExecutionPolicy RemoteSigned -Scope CurrentUser, na biyu irm get.scoop.sh | iex, shi ke nan. Daga nan na rubuta scoop install git python na zuba ido rubutu na ta gudu, kafin a kira la'asar komai ya sauka, ba Next Next ba komai. Sirrin shi ne ba ya zuwa Program Files, duk kayansa cikin folda scoop yake zubawa a C:\Users\sunanka, wato ɗakinka ne, ba ka taɓa na kowa ba balle Windows ta tambaye ka izini. Abin ma da ya ba ni dariya, in ka buɗe PowerShell a matsayin admin Scoop ƙin sauka yake yi. Chocolatey kam, mai irin wannan aikin, yadda aka saba saka shi sai da admin. Mai son VS Code, manhajar rubuta kod, sai ya fara da scoop bucket add extras, amma sai Git na nan tukuna, kuma kar ka buga scoop update *, mai sabunta duk abin da ka saka, in datarka ta kusa ƙarewa, ni na yi na ji a jikina.

Amma fa ba komai yake iyawa ba, direban firinta da irinsu dole sai admin, kuma in an kulle PowerShell daga sama to kar ka yi ta dabara, kwamfutar ba taka ba ce. Ni washegari na je na faɗa wa Oga mai kula da kwamfutocin abin da na yi, ya ɗaure fuska wai kutse ne, sai da na buɗe masa foldar ya gani da idonsa sannan ya sauko.

Roƙona ga masu kula da ɗakunan kwamfuta, ku gwada shi da kanku, in ya yi muku ku liƙa layukan nan biyu a bango. Oganmu dai har yanzu bai liƙa ba, amma shekaranjiya na hango shi yana buga scoop install a tasa kwamfutar.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya