Kafin A Sa Wa Hilux Manyan Tayoyi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin masu Hilux da ke shiga daji da yashi, waɗanda ke cire taya 265/65R17 su ɗaura 285/70R17. Tsayin ta farko milimita 776 ne, ta biyu 831, wato ƙarin kashi 7 cikin ɗari. Motar za ta ɗaga daga ƙasa da kusan milimita 27 kacal, amma ta yi nauyin tashi. Giya ta biyar ta zama ta ado a kan tudu, kulochi ya riƙa cinyewa, birki ya ƙara nisa. Idan mitar gudu ta nuna 100, gudun gaske 107 ne.

Maganin shi ne canza haƙoran aksul. In lambar haƙoran naka 4.10 ce (wato yawan juyin da sandar da ke kawo ƙarfin inji take yi kafin taya ta juya sau ɗaya), ninka ta da 1.07 saboda ƙarin kashi 7 ɗin nan, ka samu 4.39, sai ka nemi 4.30, ko 4.56 in kana ɗaukar kaya. Dole aksul na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba, da ka sa giyar taimako (mai sa duk tayoyi huɗu su ja) a busasshiyar ƙasa za su yi ta jayayya har haƙori ya karye.

A kuma murɗa sitiyari har ƙarshe a duba ko tayar tana gogar jikin mota.

Naka,
Wani makanike, Kano