A fayyace mana haƙƙin mallakar darussan intanet

Ranka ya daɗe Edita,

Ina koyarwa a wata jami'a a Jihar Kebbi. Bara na ɗora bayanan darasina a shafin karatu na intanet domin ɗalibaina, aikin da na sha wahalar rubuta shi dare da rana. Makon jiya na shiga wani shagon fotokwafi a Birnin Kebbi, sai ga su an buga an ɗinke, an goge sunana daga bango, ana sayarwa. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Sai dai mu malamai ma da namu laifin. Wani zai ɗauki hoton littafin marubuci tun daga bango har bango ya ɗora, ya ce ai don ilimi ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ba da damar ɗibar wani sashe don koyarwa ko bincike tare da ambaton mai shi. Ba ta halatta kwashe littafi sukutum ba, domin hakan yana kashe wa marubucin kasuwa.

Na san tsadar littattafai ta fi ƙarfin ɗalibanmu, kuma ina tausaya musu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, ta daɗe tana sakin littattafan darussanta kyauta a intanet, mu ma za mu iya rubuta namu.

Ina roƙon jami'o'inmu su fito da ƙa'ida a rubuce: abin da malami ya ɗora nasa ne ko na jami'a? Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa kuma ta zo ta wayar mana da kai.

Malamin jami'a,
Birnin Kebbi