Masana Ne Mu Ko Lauyoyin Manoma? Amsa Ga Malamina

Assalamu alaikum Malam,

A taron ƙara wa juna sani na makon jiya kun tambaye ni a bainar jama'a: mu matasa masu bincike kan muhalli, masana ne mu ko lauyoyin manoma? Lokaci ya ƙure a ranar, ga amsata.

A dausayin Haɗeja da Nguru nake aiki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamu ta ragu, wasu magudanan kuma suka daina bushewa da rani. Nan kacalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, tsuntsun jan-baki ya mayar da ita makwanci yana afka wa hatsi. Na ga masunta cikin ruwa iya ƙirji suna sararta da adda don kwalekwale ya samu hanya.

Duk wanda ya ga wannan ya ce ba ruwansa, Malam, ban gaskata shi ba. Mai ba da kuɗin bincike iskar da ke ɗumama duniya yake so a auna, mutanen bakin kogi kuwa so suke su san yaushe za a sako ruwa. Tambayarsu na ɗauka, kuma da gangan.

Amma alƙaluma ba na taɓa su. Ruwan da aka tare a Tiga da shi manoman Kura da Kadawa ke noman rani, shi kuma Kano ke sha. Ai su ma talakawa ne. Lauya kan ɓoye abin da zai kayar da wanda yake karewa. Ni kuwa in awona ya nuna manoman dausayin ne suka karkatar da ruwa har na ƙasa da su suka rasa, zan rubuta, in je in faɗa musu a gaban mai gari.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya daban ne. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalun Turanci ake samunsa, waɗanda masuntan nan ba za su taɓa gani ba. Ranar da mutum ya koma ƙauye ya bayyana sakamakonsa da Hausa, ba ta shiga lissafi. Ku ne a kwamitin da ke tantance mu, Malam. Don Allah a sa wannan batu a zama na gaba.

Ɗalibarku.