Wasiƙar ƙarshen shekara zuwa ga masu sayen fili da masu haya a hannunmu

Assalamu alaikum, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da abokan arziki.

Shekara ta zagayo, kuma kamar yadda gidan nan ya saba, muna sanar da ku inda aiki ya tsaya da inda haƙƙin Allah da ke cikin ribarmu ya tafi. Alhamdu lillahi, babu filin da ya fita daga hannunmu bana da ya kai mai shi gaban alƙali. Wannan ya fi mana yawan ciniki daraja, kuma ga hanyar da ake bi har a samu hakan.

Ba ma karɓar kafin alƙalami sai an yi bincike. Idan fili na da takardar shaidar mallaka, ana kai lambarta KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba sunan da ke kanta, da ko an jinginar da ita a banki. Daga nan safiyo ya je ya auna. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yakan koma 45 a 90 idan maƙwabci ya ci iyaka ko an yanki hanya, kuma mai saye ba zai gane ba sai ranar haƙa harsashi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce filin da ke da takardar gwamnati ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna. Da yawa suna biyan kuɗi, su karɓi takardar da ke ɗauke da sunan mai shi na farko, su jefa a akwati. Bayan rasuwa, 'ya'yansu ne ke shan wahala.

Filin awon igiya kuwa, wato wanda aka yanka ba bisa tsarin gwamnati ba, ya fi araha, amma ku san abin da kuke saye. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce ta ciniki, ba ta hana gwamnati fitar da titi ta tsakiyar filin. In ta karɓa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona, ba ta ƙasar ba. Filin gado ya fi kowanne haɗari. Muna neman takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji, har matan da ke aure a wani gari. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da rabon ƙannensa, komai kyan niyyarsa.

Gidajen haya da muke kula da su an gyara musu rufi da magudanar ruwa kafin damina. Masu shirin gini, a nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, tukuna, kuma kada a yarda mai bulo ya wuce 30 na inci 9 daga buhun siminti ɗaya. A riƙa ba bulon ruwa kwana 7.

Sai batun bayarwa. Zakka daban take da sadaka. Mu da ke juya saye da sayarwa kullum, muna ƙiyasta filayen da ke hannunmu da farashin ranar, mu haɗa da kuɗin ajiya, mu fitar da kashi 2.5 cikin 100. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi fili ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, sai ranar da ya sayar zai fitar da ta shekara ɗaya. Gidan haya ba a yi masa zakka, kuɗin hayar ake yi wa idan sun kai nisabi kuma sun shekara. Tamu ta tafi hannun mabuƙata kai tsaye, cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, mafi yawa zawarawa masu marayu da bashin haya ya taru a kansu.

Rijiyar burtsatse da muka haƙa daga sadaka ta fito, ba daga zakka ba. Unguwanninmu cike suke da rijiyoyin da suka mutu, kuma dalilan sanannu ne. Ƙarƙashin ƙasar Kano dutse ne, ruwa na kwance a tsagoginsa, don haka wanda ya haƙa ba tare da gwajin ƙasa ba yakan tashi da rami busasshe. Da bazara ruwa kan ja baya, famfo ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone, shi ya sa muka sa na'urar da ke kashe shi da kanta. Ƙurar hunturu kuma tana rufe farantan sola, sai an riƙa gogewa. Babbar matsalar dai ita ce kuɗin gyara: mai bayarwa ya ɗauki hoto ya tafi, famfo ya lalace, kowa ya zuba ido. Saboda haka muka yi waƙafin shago ɗaya, hayarsa ta zama ta gyaran rijiyar. An rubuta shi gaban shaidu, kowa a gidan nan ya sa hannu, don kada wani magajinmu ya lissafa shi cikin gado wata rana.

Duk wanda takardarsa ke ɗauke da sunan wani har yanzu, ko a hannunmu ya saya ko a wani wuri, ya zo ofis da ita, da takardar ciniki, da hotonsa. Dubawar kyauta ce.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a muhallinku.

Naku,
Iyalan gidan da ma'aikatansu